Waiwaye: Cocin Da Magina Suka Saya A Edinbara

Ranar 31 ga watan Yulin 1599, maginan birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan suka gurfanar da wani ɗan'uwansu mai suna George Patoun a gaban shugabanninsu. Laifinsa shi ne ya ɗauko wani da bai koyi gini a hannun kowa ba, ɗan kutse, ya sa shi aiki a kan bututun hayaƙin wani gida har kwana biyu da rabi. Wata bakwai kafin nan aka kafa dokar da ta ce duk maginin da ya yi haka zai biya tarar fam 20, kuɗin da ba wasa ba ne ga mai neman abinci da guduma. Patoun bai ja da magana ba. Ya amsa laifinsa, ya sunkuyar da kai, ya ce duk hukuncin da aka yanke masa ya karɓa. Dattawan suka dubi halin da yake ciki suka yafe masa, amma suka ja kunnen kowa cewa wanda ya ƙara aikata irin wannan zai gamu da doka. Akawu ya rubuta, aka tashi.

Ƙaramar shari'a ce, irin wadda ake mantawa kafin mako ya zagayo. Amma ga shi an haura shekara 400 muna sane da sunan mutumin da yawan kwanakin da ɗan kutsen ya yi yana aiki, domin ita ce mafi daɗewa a cikin bayanan da ke littafin taron zauren maginan Edinbara. Zauren na nan har yau, littafin ma yana nan, kuma a cikin zaurukan ƙungiyar Firimesin da ke raye a duniya babu mai riƙe da bayanan taro da suka girmi nasa. Lambarsa 1 a jerin zaurukan Sikotlan. Sunan da aka san shi da shi kuwa na wani coci ne, Mary's Chapel, ginin da aka rushe tun 1787.

Cocin ba babba ba ne. Wata basarakiya mai suna Elizabeth, ta gidan sarautar Ross, ita ta kafa shi a 1504 a wani matsattsen lungu da ake kira Niddry's Wynd, wanda ya gangaro daga babban titin tsohon birni zuwa kwarin Cowgate. Ta sa masa sunan Nana Maryam mahaifiyar Annabi Isa (AS). Masu hali a Turai ta zamanin Katolika sun saba da haka: mutum ya gina ɗan ɗakin ibada, ya ware wa limamin da zai kula da shi wata hanyar samun kuɗi, shi kuma limamin ya riƙa yi wa mai ginin da iyayensa addu'a har abada. Wakafi ne a irin fahimtarsu. Sai dai wannan har abadar shekara 56 kawai ta yi.

A watan Agustan 1560 majalisar Sikotlan ta raba gari da Fafaroma. Wa'azin John Knox da abokansa 'yan Furotesta ya riga ya ci birane, majalisa ta bi bayansa, ta haramta ibadar Mas ta Katolika da doka mai tsanani: karon farko a ƙwace dukiyar mutum, na biyu a kore shi daga ƙasa, na uku kisa. Ƙananan coci-coci irin na Niddry's Wynd, waɗanda ba don komai aka gina su ba sai don wannan ibadar, suka wayi gari ba su da aiki.

Su ma magina abin ya taɓa su. Tun 1475 hukumar birni ta amince da su da kafintoci a matsayin ƙungiya guda mai shugabanninta, ta kuma ba su wani ɓangare a babban cocin St Giles, inda bagaden Yohanna yake, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa. Su ke kula da wurin, su ke sayen kyandir, nan suke tsayawa ranar biki. Ƙungiyar sana'a a wancan lokaci rabinta kasuwa ce, rabinta ibada. Da aka kwashe bagadan St Giles sai ga ƙungiya da asusunta da shugabanninta da ranar bikinta, amma ba ta da wurin da za ta nuna ta ce nata ne. Ranar dai ba su sake ta ba. Ita ce 27 ga Disamba, ranar Yohanna, wadda suka ci gaba da riƙewa a matsayin babbar ranar taro da zaɓe, duk da cewa sabuwar majami'a ba ta son bukukuwan waliyyai.

A 1618 ƙungiyar ta sayi cocin Maryam ta mayar da shi ɗakin taronta. Ba wani abin mamaki ba ne a birnin. Maƙera ma a cocin Magdalen da ke Cowgate suke taro, kuma nasu ginin yana tsaye har yanzu. A ƙasar da ta sauya aƙida, tsohon wurin ibada ko dai ya samu mai amfani da shi, ko maƙwabta su riƙa zare duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya. A hankali wasu masu sana'ar suka shigo ƙarƙashin inuwar ƙungiyar, masu sa gilashi, masu fenti, masu rufi, masu aikin dalma, masu haɗa gangar katako, har suka kai sana'a goma, duka ana kiransu da sunan cocin. Furotesta ne gaba ɗayansu a hukumance, amma ba wanda ya ga dalilin goge sunan Maryam.

Abu biyu ne ke zama a wannan ɗaki, kuma wanda bai rarrabe su ba zai rikice. Akwai ita haɗaɗɗiyar ƙungiyar, wadda hukumar birni ta sani, mai hulɗa da ita a fili. Akwai kuma zauren magina zalla, wanda kafinta ba ya shiga. A nan ne ake shigar da yaron sana'a da rantsuwa, a faɗa masa wata kalma ta sirri da alamomin da zai gane ɗan'uwansa da su. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Magini matafiyi ne, inda ake gina fada ko gada nan yake nufa, kuma babu takardar shaidar da zai nuna wa baƙon ubangida. Kalmar ita ce shaidarsa cewa ya yi zaman koyo, ba ɗan kutse ba ne.

Shi wannan zauren ya girmi sayen cocin, kuma wanda ya ɗora shi a kan tsari wani mutum ne mai suna William Schaw, mai kula da gine-ginen Sarki James na 6 tun daga 1583. A ƙarshen Disambar 1598 ya tara manyan maginan ƙasar a Edinbara ya fitar musu da dokoki. Kada ubangida ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa. Kada ya ƙwace aikin da aka riga aka ba ɗan'uwansa. Yaron sana'a ba zai yi ƙasa da shekara bakwai yana koyo ba, kuma ubangida ba zai ɗauki fiye da yara uku a tsawon rayuwarsa ba sai da izini. Akwai wadda ta fi burge ni: idan ubangida ya yi sakaci wajen ɗaura katakan da magina ke takawa a sama har wani ya ji ciwo, to ya gama shugabantar aiki ke nan har ya mutu, sai dai ya yi aiki a ƙarƙashin wani. Dokar ƙarni na 16 ce wannan, amma da za a ɗabbaƙa ta yau a wasu biranen da benaye ke rufta wa mutane, da 'yan kwangila da yawa sun koma ɗaukar bulo.

A tsakiyar waɗannan dokoki akwai waɗanda ba su da armashin karantawa, alhali su ne suka yi aiki mafi nisa. Schaw ya ce a rubuta. Yaron da aka ɗauka a shigar da sunansa a littafi. Wanda ya kai matsayin cikakken magini a rubuta ranar, da sunayen waɗanda suka halarta, da alamar da ya zaɓa wadda zai riƙa sassaƙawa a jikin dutsen da ya gyara. A dokokinsa na biyu, na Disambar 1599, ya ƙara da cewa a naɗa sanannen akawun shari'a ya zama magatakarda. Mutane ne da sirrinsu a baki yake, an hana a rubuta shi, amma an tilasta musu rubuta komai na mulki da kuɗi da hukunci. Schaw ya rasu a 1602, bai ga abin da wannan umarni ya haifar ba.

Saboda littafin ne muke iya bin sawun yadda zauren ya suɓuce daga hannun masu shi. Ranar 3 ga Yulin 1634 aka shigar da mutum uku da ba su taɓa fasa dutse ba: Lord Alexander, ɗan mai sarautar Stirling, da ƙaninsa Anthony Alexander, wanda a lokacin shi ke kula da gine-ginen sarki, da Sir Alexander Strachan. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane abin da ya ja hankalin magina. Mutumin da ke raba kwangilar sarki ya zama ɗan'uwanka na rantsuwa. Kamar dai yadda ƙungiyar matasa ke zuwa gidan Alhaji wane ta naɗa shi uban ƙungiya, ana fata ya riƙa tunawa da yara. Su kuma manyan abin da ya jawo su daban ne. Magina na da tsoffin takardu masu cewa sana'arsu ta faro daga Masar, ta bi ta hannun Euclid mai ilmin lissafin awo, ta yi aiki a haikalin Annabi Sulaiman (AS). A zamanin da masu ilmin Turai ke zaton akwai wata ɓatacciyar hikimar mutanen da, jin cewa wasu masu sana'a na ɓoye wata kalma ya isa ya sa basarake ya ƙwanƙwasa ƙofa.

A 1641 sojojin Sikotlan na zaune a Newcastle, a arewacin Ingila, cikinsu har da wasu 'yan zauren. Ranar 20 ga Mayu suka shigar da Robert Moray, ɗaya daga cikin manyan hafsoshin rundunar, sannan aka shigar da bayanin a littafin Edinbara. Wannan na daga cikin shaidu mafi daɗewa na shigar da wanda ba magini ba a ƙasar Ingila. Moray ɗin nan shi ne daga baya ya kasance cikin waɗanda suka kafa Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, a 1660.

Yayin da ake buɗe wa manya ƙofar gaba, na ƙasa suna ta gunaguni. Akwai magina da suka gama koyo sarai amma ba su da jari ko 'yancin karɓar kwangila a birni, sai aikin lada a ƙarƙashin iyayen gida. Suna biyan kuɗin zaure, amma ba su da bakin magana kan yadda ake kashe shi, kuma suna ganin ba a kula da marasa lafiyarsu da matan da mazajensu suka mutu. A farkon ƙarni na 18 suka buɗe asusun kansu, daga nan suka fara shigar da yara suna ba su kalmar ba tare da izinin kowa ba. Iyayen gida suka fusata. Aka kama biyu daga cikin 'yan aikin ladan aka tsare, aka kuma ƙwace littattafansu. A lura da abin da aka fara kai wa hannu. Maganar ta je kotu, aka miƙa ta ga masu sulhu, a 1715 aka yanke cewa 'yan aikin ladan na da ikon taruwa da bayar da kalmar. Zaurensu yana nan har yau, lambarsa 8. Ni a ganina wannan rigimar ta fi duk wani labarin asiri bayyana halin ƙungiyar: an karɓi mai riga da hannu biyu, an kulle mai guduma.

Daga nan sai gangara. A watan Agustan 1721 John Desaguliers, masanin kimiyya kuma jigo a Babban Zauren da aka kafa a Landan a 1717, ya ziyarci Mary's Chapel. A cikin kwanakin aka shigar da magajin garin Edinbara da wasu 'yan majalisarsa. Lauyoyi da 'yan kasuwa da likitoci suka biyo baya. Guduma da ma'aunin kusurwa suka tashi daga kayan aiki suka koma kayan ado da ake yin wa'azin ɗabi'a da su.

A nan ya kamata in tsaya in yi wata magana, domin na san abin da sunan Firimesin ke tayarwa a ran mai karatu. Ban ɗauko labarin nan don in yi wa ƙungiyar talla ba. Fafaroma Clement na 12 ya haramta wa Katolika shigarta tun 1738. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 1978 ta yanke cewa shigarta ba ta halatta ga Musulmi ba. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 38, ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar shiga ƙungiyar asiri ba, ko da yake su 'yan Firimesin na musun cewa suna cikin wannan sahu. Zaurukan da ke ƙarƙashin Sikotlan sun shigo Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka, kuma akwai su a Najeriya da Gana har yanzu. Hukuncin malamai da na doka yana nan inda yake. Amma mai son sanin yadda abu ya faro, tatsuniya ba za ta ƙosar da shi ba, ko ta masoya ce ko ta maƙiya. Da masanin tarihi David Stevenson ya zauna da waɗannan littattafai ya fitar da bincikensa a 1988, abin da ya tarar a farkon lamarin shi ne rigimar kwangila, kuɗin shiga, tara da liyafa. Su kansu 'yan ƙungiyar masu jingina asalinsu ga haikalin Ƙudus ko mayaƙan Templar, littafin kakanninsu bai tsaya musu shaida ba.

Babbar ranar tsohon cocin ita ce 30 ga Nuwamban 1736. Wakilan zauruka 33 suka taru a cikinsa suka kafa Babban Zauren Sikotlan, don kada Ingila ta bar su a baya. An shirya wasan tun kafin a zo. Gidan St Clair na Roslin na da wasu tsoffin takardu biyu na farkon ƙarni na 17 inda magina suka ce sun yarda gidan ne majiɓincinsu na gado. William St Clair, wanda 'yan watanni kaɗan kafin nan aka shigar da shi ƙungiyar, ya miƙa takardar cewa ya sauka daga wannan gadon, shi da zuriyarsa. Taro ya yaba, nan take aka zaɓe shi shugaba na farko. Ya ajiye sarautar da ba a tabbatar yana da ita ba, aka ba shi wadda ke akwai.

Ginin bai tsaya ga magina kaɗai ba. Ƙungiyar masu kiɗa ta Edinbara, wadda aka kafa a 1728, a nan take haya tana wasanninta har zuwa 1763, lokacin da ta gina nata ɗakin, St Cecilia's Hall, a ƙasan lungun. Wanda ya zana mata shi, Robert Mylne, jikan gidan Mylne ne, gidan da ya daɗe yana ba sarakunan Sikotlan manyan magina, yana kuma shugabantar zauren.

Ƙarshen cocin ya zo ta hannun ci gaba. Birni na faɗaɗa kudu, kwarin Cowgate ya tare hanya, aka yanke shawarar gina gada mai baka 19 da za ta tsallake shi. Ranar 1 ga Agustan 1785 aka aza harsashin gadar, South Bridge, kuma wanda ya aza shi da hannunsa shi ne Lord Haddo, shugaban Babban Zauren Sikotlan, cikin jerin gwano da kayan ado. Hanyar gadar ta bi ta kan Niddry's Wynd da wasu lunguna biyu. A 1787 aka rushe ɗakin da aka haifi Babban Zauren a cikinsa, a 1788 aka buɗe gada. St Cecilia's Hall ya tsira, ya kuma maimaita labarin maƙwabcinsa a gurguje: masu kiɗa suka watse, 'yan Baftis suka mayar da shi coci, Babban Zauren ya saya a 1809, ya sayar a 1844 aka yi makaranta, a 1959 Jami'ar Edinbara ta karɓa, yanzu gidan adana tsoffin kayan kiɗa ne. Shi kuwa zauren Mary's Chapel ya yi ta yawon haya fiye da shekara ɗari kafin ya samu matsuguni a Hill Street a 1893. Masu yawon buɗe ido a yau tururuwa suke yi zuwa cocin Rosslyn, kudu da birnin, tun da littafin The Da Vinci Code ya fito a 2003, suna laluben asiri a jikin duwatsu. Gurbin cocin da aka yi ainihin abin a cikinsa kuwa, bas ke bi ta wajen ba mai waiwaye.

Abin da ya sa na ɗauko labarin nan ya faru ne tun cocin na tsaye. Da aka kafa Babban Zauren, sai maganar wa ya girmi wa ta taso, domin za a jera zauruka bisa shekaru. Akwai wani zaure a Kilwinning, ƙaramin gari a yammacin ƙasar, wanda kowa ke kira uwa. Mutanensa na cewa asalinsu daga maginan da suka gina gidan ibadar garin ne a ƙarni na 12. Ba da baki kawai ba, sun daɗe suna ba wasu zauruka izinin kafuwa, shi ya sa zauruka da dama ke ɗauke da sunan Kilwinning, har a cikin Edinbara. Idan shahara ce da yardar jama'a, ba mai ja da su. Babban Zauren ya ce kowa ya kawo takarda. Edinbara ta ajiye littafinta mai farawa daga ƙarshen ƙarni na 16. Kilwinning ta duba, nata daga 1642 ya fara, na baya an ce ya ɓace. A 1743 aka tabbatar wa Edinbara lamba 1, uwa kuma lamba 2.

Kilwinning ta yi fushi ta fice, ta koma tana ba da izinin kafa zauruka da kanta fiye da shekara 60. Sai a 1807 aka sasanta. Ta yarda ta daina, 'ya'yanta su shigo ƙarƙashin Babban Zauren, ita kuma a ɗora ta a saman jeri. Siyasa ce ta yi wannan aikin, ba hujja ba, kuma Mary's Chapel ta ji haushi har ita ma ta ja baya na wasu shekaru. Amma duk da haka ba a iya karɓe lamba 1 daga hannun mai littafi ba. Dole aka nemo wa Kilwinning wani gurbi, shi ya sa har yau lambarta 0.

Sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka gano dokokin Schaw na biyu, na 1599, a ɗakin ajiyar takardu na fadar Eglinton, gidan masu sarautar yankin, tafiyar ƙafa daga Kilwinning. Takardar ta kira Edinbara zaure na farko kuma babba, ta kira Kilwinning na biyu, amma ta ambace ta da shugabanci, ta ba ta iko a kan zaurukan yammacin ƙasar, ta kuma nuna tsohuwar al'ada ce ake tabbatarwa. Kowane ɓangare ya samu abin kamawa a ciki, gardamar ba ta mutu ba. Abin lura shi ne, shaidar da za ta nuna cewa Kilwinning na nan da ƙarfinta a shekarar da littafin Edinbara ya fara tana kwance a maƙwabta duk tsawon rigimar. Takardarsu ce, a kansu aka rubuta ta, amma a gidan babban mutum take, su kuma ba su san tana nan ba. Fiye da shekara ɗari ke tsakanin ranar da aka ce su kawo ta da ranar da ta fito.

Ba na cewa rubutu na raya ƙungiya. Akwai wani zaure a Aitchison's Haven, gabas da Edinbara, wanda littafinsa ya girmi na Mary's Chapel da 'yan watanni, amma ya mutu a tsakiyar ƙarni na 19. Littafin bai cece shi ba, sai dai ta dalilinsa ne muka san ya taɓa wanzuwa. Haka kuma littafin Edinbara bai hana lauyoyi gaje kujerun magina ba. Abin da ya yi shi ne ya hana a yi ƙarya a kan yadda abin ya faru, kuma ranar da aka ce kowa ya kawo shaida, shi ya yi magana.

Mu ba baƙin ƙungiyar sana'a ba ne. Muna da Sarkin Magina da Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa tun kafin Bature ya zo, kuma ba baƙin alƙalami ba ne mu, alƙalanmu da malamanmu sun daɗe suna rubutu. Amma mafi yawan abin da aka sani game da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, daga bakin zuriyarsa da dattawa aka tattaro shi. Na yau ma ba su sauya ba sosai. Ƙungiyar teloli, ta direbobi, ta 'yan kasuwa, ta ci gaban gari, kwamitin masallacin unguwa, kowace na da sakatare, kuma a taron farko akan sayi sabon littafi da zumuɗi. Bayan shekara biyu an sauya shugabanci, tsohon sakatare ya tafi da littafin gidansa, ko don fushi ko don ba wanda ya tambaya. Takardar filin ofis tana wajen uban ƙungiya saboda an ce a can ta fi tsaro. Yanzu kuma komai ya koma WhatsApp, wayar mutum ɗaya ta faɗa ruwa, shekara biyar ta tafi. Ranar da magada suka zo suka ce filin na mahaifinsu ne aro ya bayar, sai a shiga neman dattijon da aka yi abin a gabansa, a tarar an yi sadakar arba'in ɗinsa bara.

Mai karatu, idan kana cikin wata ƙungiya, a taronku na gaba ka ɗaga hannu ka tambayi inda littafin farko yake da wanda ke riƙe da takardar fili. Idan an same su, a yi musu kwafi biyu ko uku, a rubuta sunan wanda aka damƙa wa kowanne a gaban jama'a, asalin kuma ya zauna a akwatin ƙungiya, ba a gidan kowa ba, komai girmansa.